Idan Suna Ya Fi Mai Shi Girma: Abin Da Fim Ɗin Perfect Blue Ya Hango Wa Masu Waya

A Lafani, kamar sauran garuruwan ƙaramar hukumar Illela, fim ba ya jiran sinima kafin ya shigo gari. Mai cajin waya yana da kwamfuta, ka miƙa masa memori ya loda maka, ka tura wa abokinka ta Xender, kafin mako ya zagayo rabin ajinku sun kalla. Ta wannan hanya fassarar Indiya-Hausa ta Algaita ta zama ruwan dare, ta nan Izzar So da Labarina ke kai wa waɗanda ba su da kuɗin data, kuma ta nan ne katun ɗin Japan da ake kira anime ya samu wurin zama a wayoyin ɗalibai. Yawancinmu Naruto muka sani da Dragon Ball da One Piece, wato faɗa da tsalle da jarumin da ba ya karaya.

Amma anime yana da wani reshe da babu dodo a cikinsa, babu mai tashi sama. Abin tsoron a cikin kan mutum yake. Irin wannan fim yana sa mai kallo ya kasa bambance abin da ya faru da abin da jarumar ta yi mafarki, ko ta raya a zuciyarta. Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne Perfect Blue, wanda Satoshi Kon ya ba da umarni a kamfanin Madhouse, aka fara nuna shi a 1997 a bikin fina-finai na Fantasia da ke Montiriyal ta ƙasar Kanada.

Bari mu faɗa tun da wuri: wannan fim ba na ɗalibai ba ne. Akwai zubar da jini a ciki, akwai wuraren da suka saɓa wa tarbiyya, kuma a Ingila ma an kayyade shi ga 'yan shekara 18 zuwa sama. Don haka za mu ba ku labarin har ƙarshensa, ba sai kun je nema ba. Dalilin da ya sa muka kawo shi wannan shafi shi ne, matsalar da ya zana tun kafin a haife ku yanzu tana cikin aljihun kowane ɗalibi mai babbar waya.

Labarin Mima

Mima Kirigoe budurwa ce mawaƙiya a wata ƙungiyar 'yan mata uku mai suna CHAM! A Japan irin waɗannan matasan mawaƙa sana'a ce babba. Kamfani ne ke zaɓa musu sutura, ya tsara musu murmushi da magana, ya sayar wa masoya hoton yarinya mai fara'a wadda ba ta da aibi. Mima ta ga waƙar ba za ta kai ta ko'ina ba, sai ta sanar a kan dandamali cewa ta bari, za ta koma wasan kwaikwayo. Aka ba ta ɗan ƙaramin matsayi a wani shirin talabijin na binciken kisan kai mai suna Double Bind.

Daga nan abubuwa suka fara rikicewa. Wani ya aiko mata da saƙon fas yana kiranta maciya amana. Wata wasiƙa da aka aiko da sunanta ta fashe a hannun wakilinta. Sai kuma ta ji labarin wani shafin intanet da ake kira Ɗakin Mima. Ku tuna a shekarun 1990 ne, ita kanta ba ta iya kwamfuta ba, sai da manajarta Rumi ta koya mata yadda ake shiga. Da ta buɗe shafin sai ta tarar wani yana rubuta labarin rayuwarta na kullum da bakinta, kamar ita ce ke rubutawa: irin madarar da ta saya a kanti, ƙafar da ta fara saukewa daga jirgin ƙasa. Da farko dariya ta yi. Daga baya ta gane cewa wanda ya san wannan, to yana biye da ita taku bayan taku.

Shafin bai tsaya nan ba. Ya fara rubuta abin da wai Mima ke ji a zuciyarta: cewa tilasta mata ake yi, ita waƙa take so ta koma. Masu karantawa suka yarda. Wani masoyinta mai suna Me-Mania ya gamsu cewa Mimar shafin ce ta gaskiya, wadda ke fitowa a talabijin kuwa 'yar sojan gona ce da ya kamata a kawar. Aka kashe marubucin shirin, aka kashe mai ɗaukar hoton da ya ɗauke ta. Mima ta fara ganin tsohuwar siffarta, sanye da rigar waƙa, tana yi mata dariya a madubi da gilashin jirgi. Har ta kai ga tana buɗe shafin don ta san abin da ta yi jiya, saboda ta daina yarda da tunaninta.

A ƙarshe sai ta bayyana cewa Rumi ce ke bayan komai. Rumi tsohuwar mawaƙiya ce da tauraruwarta ta dushe, ta zuba duk burinta a kan Mima, har ƙwaƙwalwarta ta juye ta ɗauka ita ce Mima ta ainihi. Fim ɗin ya ƙare Rumi tana asibitin masu taɓin hankali, Mima kuwa ta tsira, ta dubi madubin motarta ta tabbatar wa kanta cewa ita ce ita.

Yadda Kon ke ruɗa ido

An haifi Satoshi Kon a 1963 a tsibirin Hokkaido da ke arewacin Japan, ya yi karatun zane a Jami'ar Zane-zane ta Musashino, ya fara da zanen littattafan barkwanci da labarai da ake kira manga. An ciro labarin Perfect Blue daga littafin Yoshikazu Takeuchi na 1991, amma Kon da marubucinsa Sadayuki Murai sun sauya shi sosai.

Dabararsa tana wurin haɗa hoto da hoto. Za ka ga Mima tana kuka kana tausaya mata, sai ka ji darakta ya ce a yanke, ashe wasa ake ɗauka. Za ka ga ta farka a gadonta ka ce ashe mafarki ne, sai ta sake farkawa a gadon nan, a ɗakin nan. Kon ba ya sa hazo ko kiɗa na musamman don ya sanar da kai an shiga mafarki. Da gangan yake hana ka alama, don ka ɗanɗani ruɗanin da jarumar ke ciki.

Ya sake bin wannan hanya a Millennium Actress na 2001, labarin wata tsohuwar jaruma, Chiyoko Fujiwara, da ke ba masu hira tarihinta, amma rayuwarta da finafinan da ta fito a ciki suka cakuɗe har ba a iya raba su. A Paprika na 2006 kuwa wata na'ura ce mai suna DC Mini da likitoci ke shiga mafarkin marasa lafiya da ita, aka sace ta, mafarki ya malalo cikin gari. Kon ya rasu a watan Agustan 2010 yana da shekara 46, sakamakon ciwon daji, ya bar cikakkun finafinai huɗu kacal. Duk da haka masu sharhi na yawan kwatanta Black Swan na Darren Aronofsky da Perfect Blue, su kuma kwatanta Inception na Christopher Nolan da Paprika. Dukansu biyu a 2010 suka fito a Amurka.

A Japan ba tatsuniya ba ce

Wani zai ce ai zane ne kawai. To, ga abin da ya faru a zahiri. A farkon 2013 wata mawaƙiyar ƙungiyar AKB48, Minami Minegishi, ta aske kanta ƙwal ta fito a bidiyo tana kuka tana neman gafara, bayan wata mujalla ta wallafa hotonta tana fitowa daga gidan wani saurayi. Dokar ƙungiyar ta hana mawaƙanta soyayya, domin abin da ake sayar wa masoya shi ne tunanin cewa yarinyar tasu ce su kaɗai.

A watan Mayun 2020 kuma, Hana Kimura, 'yar kokawa mai shekara 22 da ke fitowa a shirin talabijin na Terrace House, ta kashe kanta bayan an daɗe ana yi mata ruwan zagi a intanet kan wata rigima da aka nuna a shirin. Masu zagin ba su san ta ba. 'Yan mintuna suka gani da aka yanka aka jera, suka yanke mata hukunci. A 2022 Japan ta tsaurara dokar cin mutunci: ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tarar da za ta iya kai yen 300,000.

Masana sun daɗe da lura da wannan hali. A 1956 wasu masana zamantakewa biyu na Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu kan alaƙar da mai kallo ke ƙullawa da mutumin talabijin. Alaƙa ce ta gefe guda: kai ka san muryarsa, ka san dariyarsa, kana jin kamar abokinka ne, shi kuwa bai san an haife ka ba. Bahaushe ya riga ya ce son maso wani ƙoshin wahala. Haɗarin yana zuwa ne ranar da mutumin ya yi abin da ya saɓa wa hoton da ka ajiye a ranka, sai ka ji kamar amanarka ya ci.

Mu dawo gida

Mu ma mun san yadda suna ke haɗiye mai shi. Mutum nawa ne a ajinku zai gane wanda ake nufi idan aka ce Rabilu Musa? Amma a ce Ibro, har ƙananan yara sun sani, ko da yake ya rasu tun Disambar 2014. Usman Baba Pategi, tsohon soja da ya rasu a 2023, duniya Samanja ta san shi. Lawan Ahmad kuwa, tun da aka fara Izzar So a 2020, da yawa Umar Hashim suke kiransa. Wannan alama ce ta ƙwarewa, amma tana da nauyi. Ɗan wasan barkwanci mutum ne mai iyali da bashi da ciwo, amma duk inda ya shiga so ake ya ba da dariya. Wanda ya saba fitowa a mugu kuwa, akwai masu kallon da ke riƙe shi a zuci kamar da gaske ya yi.

Labarin da ya fi kusa da na Mima a ƙasar Hausa shi ne na Rahama Sadau. An haife ta a Kaduna a 1993, ta shigo Kannywood a 2013, cikin ɗan lokaci ta zama ɗaya daga cikin manyan jarumai mata. A Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kore ta daga masana'antar saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar ClassiQ, inda aka nuna su suna riƙe juna. Ta nemi afuwa, daga baya aka janye hukuncin. A Nuwamban 2020 ta wallafa wasu hotunanta da suka tayar da ƙura, wani ya yi kalaman ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a ƙarƙashinsu, ta goge hotunan ta fito a bidiyo tana ba da haƙuri. Ta ci gaba da sana'arta a finafinan kudu, har ta fito a fim ɗin Indiya Khuda Haafiz kashi na biyu a 2022.

Ba muna cewa labaran biyu ɗaya ba ne. Al'ummarmu tana da addini da al'ada da take karewa, ƙungiya tana da dokokin da 'ya'yanta suka amince da su, kuma ita kanta jarumar ta nemi gafara a lokutan biyu. Abin da muke so ku lura da shi daban ne. A kowane karo an samu masu nasiha da ladabi, an kuma samu dubban mutanen da ba su taɓa haɗa ido da ita ba suna magana kamar sun san zuciyarta, wasu suna zagi har da iyaye, wasu suna zagin masu zagin. Kowane ɓangare yana da tasa Rahamar a kai. Nasiha tana nufin mutumin ya gyaru. Zagi kuwa huce haushi ne a kan hoton da ya ƙi tsayawa yadda aka so.

Akwai kuma Ɗakin Mima irin namu. Shiga Facebook ka rubuta sunan duk wani babban jarumin Kannywood, za ka ga shafuka barkatai ɗauke da sunansa da hotonsa. Jarumai sun sha fitowa suna gargaɗin cewa ba nasu ba ne. Wasu shafukan na masoya ne, wasu kuwa na 'yan damfara ne da ke yi wa 'yan mata alkawarin saka su a fim, ko su ce ka ci kyauta sai ka turo kuɗin rajista. Yanzu kuma da ƙirƙirarriyar basira ana iya haɗa fuskar mutum da muryarsa su faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta yin sojan gona da sunan wani da kuma bibiyar mutum da barazana a intanet.

Iyakar da ba ta da shinge

Mutumin Illela ya san iyaka fiye da kowa. Daga nan zuwa Birnin Konni 'yar tafiya ce, Hausa ɗaya ake yi, dangi ne a ɓangarorin biyu, gero da albasa iri ɗaya. Duk da haka ba wanda ke tsallakawa bai sani ba, domin akwai shinge, akwai kwastan, akwai jandarma, nan naira can sefa. Tsakanin kai na gaskiya da kai na cikin waya babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Za ka iya tsallakawa ka yi nisa ba ka ankara ba.

A zamanin Mima sai kana da kamfani kafin ka samu masoya. Yau yarinyar aji huɗu a sakandare tana iya buɗe TikTok, ta zaɓi sunan da ba nata ba, ta sa matatar hoto da ke haskaka fata ta gyara hanci, ta ari gyalen yayarta, ta ɗauki bidiyo sau goma ta zaɓi ɗaya. Yaro kuma ya jingina da motar da ba tasu ba a kasuwar Illela, ya ɗauki hoto. Ba a yi ƙarya da baki ba, amma an ƙera mutum na biyu. Idan mutum na biyun ya samu mabiya dubu biyar, sai ya fara ba da umarni. Bidiyon rawa ya fi na karatu samun masu so, to gobe rawa za a sake. An yi rashin kunya kaɗan mabiya sun ƙaru, to jibi sai an ƙara. Sannu a hankali mabiya ne ke rubuta maka halinka, kamar yadda shafin can ya riƙa rubuta wa Mima abin da take ji.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Ka dubi madubi ka ji fuskarka ba ta yi maka ba sai da matata. Ka goge hoto don bai samu masu so da yawa ba cikin awa guda. Kana aji malam yana bayani, hankalinka yana kan abin da aka rubuta a ƙarƙashin bidiyonka. Maganar baƙon da bai san sunan unguwarku ba ta hana ka barci, ta mahaifiyarka kuwa ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Kuma abin da ka ɗora ba ya mutuwa. Wanda ya sauke shi a wayarsa yana iya fito da shi ranar da ake neman aurenki, ko ranar da kake neman aiki.

Abin da za mu iya yi

Idan kai mai kallo ne, ka riƙe cewa abin da ka gani an yanka shi an jera. Kafin ka tura labarin wani jarumi ko wata 'yar makarantarku, tambayi kanka daga ina ya fito. Malaman Islamiyya sun karantar da mu Suratul Hujurati: aya ta 6 ta umarce mu da bin diddigin labari, aya ta 12 ta hana mu mummunan zato da leƙen asiri da cin naman mutane. Hukuncin bai canza ba don an koma yi da babban yatsa. Kada ka tura wa kowane shafi kuɗi ko hotonka don yana ɗauke da sunan wanda kake so. Idan kuma ka ga an taru a kan mutum ɗaya ana jifa, kada ka ƙara naka dutsen.

Idan kai mai ɗorawa ne, ka rufe ƙofofin da Mima ta bari a buɗe. Kada bidiyo ya nuna bajen makarantarku, ko ƙofar gidanku, ko hanyar da kake bi kullum. Kada ka sanar da inda kake a lokacin da kake wurin. Ka bar wani babba a gida ya san shafinka, domin abin da kake ɓoye wa yayanka da wuya ya zama alheri. TikTok da kansa ya hana wanda bai kai shekara 13 ba buɗe shafi, don haka kada ka buɗe wa ƙaninka da shekarun ƙarya.

Idan wani ya buɗe shafi da sunanki, ko yana bibiyarki da saƙonni, ko yana barazanar yaɗa hotonki, kada ki yi shiru don kunya. Ki ɗauki hoton saƙonnin ki ajiye, ki gaya wa mahaifiya ko yaya ko malamar da kika yarda da ita, a kai ƙorafi ga kamfanin, in ta kama a kai ga hukuma. Mima ta daɗe tana fama ita kaɗai a ɗakinta, shi ya sa ruɗanin ya yi mata yawa. Haka nan idan zagin intanet ya sa abokinka ya daina cin abinci ko zuwa makaranta, ka zauna da shi, ka kuma sanar da babba. Wannan ba gulma ba ce.

Ga wani ɗan gwaji da za ku iya yi a wannan mako. Ka miƙa wa wanda ya san ka tun kana rarrafe wayarka, kaka ko gwaggo ko babban yaya, ya duba hotuna da bidiyo goma na ƙarshe da ka ɗora. Ka tambaye shi ko ya gane ɗansu a ciki. Idan ya yi murmushi ya ce kai ne, madalla. Idan kuwa ka ji ba za ka iya miƙa wayar ba, to amsar ta riga ta fito, kuma gyara tun ana aji huɗu ya fi sauƙi a kan gyara bayan mabiya sun kai dubu ɗari.